Buhu Uku a Gidan Alhaji Labo

Malam Saminu ya yi sati biyar yana neman ɗakin haya a Funtua kafin ya gane cewa ba da mutane yake takara ba, da masara yake yi.

Malamin darasin noma ne a wata sakandaren gwamnati, an dawo da shi garin a farkon zango. Da shi kaɗai ne da bai damu ba, don yana kwana a shagon wani abokin aikinsa, kan tabarma, tsakanin babur da jarkokin ruwa. Damuwarsa matarsa ce, Barakatu, wadda ya bari gidan iyayenta a Mahuta da cikin wata bakwai. Cikin farko a hanya suka rasa shi, a bayan a-kori-kura, ana fafutukar kai ta asibiti cikin ruwan sama. A wannan karon malamar awo ta ajiye bironta, ta dubi Saminu ta ce in yana son matarsa da abin da ke cikinta, kada ya bari naƙuda ta same ta a inda sai an nemo mota. Abin da yake nema ke nan, ɗaki ɗaya mai ƙofa, kusa da asibiti, a farashin da albashin malami zai iya ɗauka.

Da farko ya bi hanyar da ɗan boko ke bi. Ya ji an gina wasu gidaje a bayan gari domin masu ƙaramin ƙarfi, ya je wani ofis ya cike takarda, ya manna hoto, ya kawo shaidar cewa shi talaka ne, mai ɗauke da sa hannun mutum biyu da ba talakawa ba. Aka ce ya riƙa leƙowa. Ran nan ya gaji da leƙe, ya hau acaɓa ya je ya ga gidajen da idonsa. Suna nan, an shafe su da fenti ruwan ƙwai, kowanne da kwado a ƙofa. Ya ɗora ido a kan wata ɓarakar taga, sai ya ga buhuna jere tun daga ƙasa har silin. Masu ƙaramin ƙarfin da aka raba wa gidajen duk manyan mutane ne, su kuma suka ba da su ajiya.

Daga nan aka haɗa shi da Mudi dillali. Mudi gajere ne mai fara'a, ofishinsa bencin mai shayi, ga tarin makullai rataye a ƙugunsa suna sanar da zuwansa tun daga nesa. Ya zagaya da Saminu Tudun Wada da Makera da Jabiri. Duk gidan da suka shiga sai an yi masa tambayoyi kamar mai neman auren 'yar gidan. 'Ya'ya nawa? Matarka tana daka? Danginka suna yawan zuwa? Kana wanka sau nawa a rana? In ya ci wannan jarrabawar, sai a nuna masa wani lungu kusa da masai, ƙasa ta jiƙe, bango ya tsage, a ce da shi ya yi sauri don akwai masu so.

Abin da ya fi ƙona masa rai, a kowane gida akwai ɗaki mai kyau. Sabon kwano, daɓen siminti, ƙofar ƙarfe.

"Wannan fa?" in ji Saminu a wani gida.

"Akwai mai shi."

"Wane ne? Ban ga takalmi a ƙofa ba."

"Waken suya ne, Malam. Tun shekaranjiya ya tare."

Suka dawo teburin mai shayi, Saminu yana huci. Mudi ya sa aka haɗa masa mai kauri, ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla, irin yadda ake yi wa baƙo.

"Malam, kai mai ilimi ne, ka sa kanka a matsayin mai gida. Da kaka 'yan kasuwa suna sayen hatsi a Dandume da Bakori, su nemi inda za su kulle shi sai ya yi tsada. To, ka taɓa jin masara ta cika masai? Ba ta ɗibar ruwan rijiya. Ba ta yin baƙi, ba ta yin suna, ba ta kunna rediyo. Ba ta faɗa da matar maƙwabci a kan igiyar shanya. Ta biya shekara a dunƙule, ta shiga ta yi shiru. Kai kuwa, ka yi haƙuri, mutum ne."

"Wato laifina ke nan?"

"Ni ban ce laifi ba ne. Amma dai ba ya taimaka maka."

Saminu ya ajiye kofi ya fara wa'azi. Ya ce a garin da buhu ke kwana kan siminti mace mai ciki na neman inda za ta sa haƙarƙarinta, akwai abin da ya lalace wanda ya fi kwano. Ya ce waɗanda suka noma hatsin su ne ba su da wurin kwana, kuma su ne za su dawo su saye shi ninki biyu da bazara. Ya ce ya kamata a rubuta, a je a sami hukuma, a yi taro. Mutanen da ke bencin suka saurare shi da kyau, har wani ya daina tauna burodi. Da ya ƙare suka gyaɗa kai tare.

"Gaskiya ne, Malam. Sai haƙuri."

Haƙurin nan shi ne abin da garin ya fi arzikinsa, ya fi auduga, ya fi masara. Ana raba shi kyauta ga duk wanda aka zalunta, ba ya ƙarewa, kuma ba a taɓa jin an miƙa wa azzalumin nasa kason ba. Biyu daga cikin masu ba Saminu haƙurin ma an kore su daga ɗakunansu a watan jiya saboda dawa.

Mudi ya ce saura wuri guda. Gidan Alhaji Labo, a layin da ke bayan asibiti, tafiyar da ko mai tsohon ciki za ta yi da ƙafa. Akwai ɗaki ɗaya da ya rage. Ya kira Alhajin a waya, ya buɗe murya don Saminu ya ji da kunnensa.

"Alhaji, barka da war haka. Wani malamin makaranta ne, mutumin kirki, shi da iyalinsa kawai."

"Mutum?" in ji Alhaji Labo. "Da kakar nan? Haba Mudi. Tsofaffin da ke ciki ma neman hanyar rabuwa da su nake. In ka sami mai ajiya ka kawo shi."

Ya kashe wayar.

Da la'asar Saminu ya kira Barakatu. Ya so ya ɓoye mata, amma ta san muryarsa. Ya kwashe labarin duka ya gaya mata, har da waken suyan da ya tare shekaranjiya. Ta yi dariya har sai da ta ce bari ta gyara zama, yaron yana harbi.

"To Malam, mu ma ai muna da masara. Buhu ukun da aka samu a gayaunata suna nan ɗakin Inna."

"Barakatu, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba. Ka nema wa masarata ɗaki. In ta tare, ni sai in biyo ta."

Saminu mutum ne da ke korar ɗalibi daga aji saboda satar amsa, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa ba kowa cin hanci ba. Ya ce mata wannan yaudara ce. Ta ce yaudara ita ce ya ce yana da abin da ba shi da shi, masara kuwa ga ta nan, in yana so a kai wayar kusa da buhun ya gaisa da ita. Sannan muryarta ta sauka.

"Malam, saura sati uku a lissafin malamar awo. Ba na son in sake hawa motar nan."

Kashegari Saminu ya ari babbar riga da hula a wurin mai shagon da yake kwana. Ya gindaya wa Mudi sharaɗi guda, cewa shi ba zai furta ƙarya ko ɗaya da bakinsa ba. Mudi ya ce kada ya damu, wannan ɓangaren aikin dillali ne, kuma yana cikin la'ada.

Suka tarar da Alhaji Labo a ƙofar gidan, kan dardumar majalisarsa, tare da abokansa 'yan kasuwar hatsi. Ƙaton mutum ne mai casbaha a hannu ɗaya, waya biyu a ɗayan. Da ya ji kalmar ajiya sai ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi wa ɗan haya ba.

"Maraba, maraba. Daga ina kayan?"

"Daga Mahuta," in ji Saminu. "Masara ce, fara."

"Masha Allah. Ƙasar Mahuta akwai albarka. Kamar buhu nawa?"

Kafin Saminu ya buɗe baki Mudi ya matso, ya dubi hagu ya dubi dama, ya rage murya.

"Alhaji, a zamanin nan ana tambayar mutum yawan kayansa a bainar jama'a? Ka san ko wa ke saurare, ya buga waya daji wurin masu garkuwa da mutane?"

"Astagfirullah, gaskiyarka," in ji Alhaji, ya kama bakinsa. "Malam, ka gafarce ni. Ni kaina ko matana ba su san yawan nawa ba."

'Yan majalisar suka dubi Saminu da sabon girmamawa. Mutumin da ke ɓoye adadi, lalle adadin ba kaɗan ba ne.

Aka shiga duba ɗaki. Gidan ɗakuna takwas ne a jere, biyar masara da dawa ne a ciki, biyu mutane. Na takwas ɗin shi ne wanda ya rage, kuma da ganinsa an san dalili. Kwanon ya huje wuri huɗu, rana na saukowa ta ciki. Daɓen ya farfashe. Bangon da ya raba shi da ɗakin ajiyar da ke gefe bai kai sama ba.

A nan Saminu ya ji kansa a aji. Shekara bakwai yana koya wa yara yadda ake adana hatsi, suna hamma, ba wanda ya taɓa rubutawa. Ya nuna kwano ya ce ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya kawo fumfuna. Alhaji ya ce za a sauya fallayen. Ya taka daɓe ya ce danshi ta ƙasa yake hawowa. Alhaji ya ce siminti buhu biyu. Ya nuna ramin ɓera, Alhaji ya ji kunya ya ce a toshe yau. Sai Saminu ya ɗaga kai ya dubi bangon, ya shaƙi iska. Warin ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhuna yana tsallakowa daga ɗakin gefe. Ya san wannan ƙwaya, ya san ta sha kashe mutanen da suka kwana kusa da ita, kuma ya san wadda za ta kwana nan.

"Bangon nan sai ya kai sama, a shafe shi ciki da waje, ko allura kada ta wuce. Ba na son maganin wani ya taɓa abin da zan ajiye a nan."

"Kai ba ka sa ƙwaya?"

"Ko kusa. Tawa iska take so. A buɗe taga babba a nan, a sa mata raga."

Alhaji Labo ya juya ya dubi Mudi. "Ka ga wanda ya san darajar kaya. Da 'yan haya haka suke da hankali, wa zai ƙi su?"

Duk wannan a kan idon Inna Hajo aka yi. Tsohuwa ce mai tuyar ƙosai, shekararta goma sha ɗaya a ɗakin da ke ƙarshen layi. Tana da robobi shida da ba ta amfani da su sai da damina, kowace ta san wurinta a tsakar ɗaki. Ta goge hannu a zane ta matso.

"Alhaji, tun da kafinta zai hau sama, ko zai ɗan leƙa nawa?"

"Inna, damina ta wuce, wane ruwa kike tsoro?"

"Da damina na yi maka magana, ka ce kwano da santsi, ba a hawa."

"To, kin gani. Komai da lokacinsa. Ki yi haƙuri."

Ta koma wurin kaskonta. Saminu ya ji babbar rigar aron ta yi masa nauyi a kafaɗa.

A gaban Mai unguwa Lawal aka rubuta takarda. Ɗaki ɗaya ga Malam Saminu domin masararsa, shekara guda, makulli a hannunsa. Har an kusa sa hannu Alhaji ya ɗaga casbaha.

"A ƙara wannan. Gadi ba ruwana. Bara wani ya yi ɓatan buhu biyu ya kai ni wurin 'yan sanda. Mai kaya shi ke gadin kayansa, dare da rana, shi ko wanda ya wakilta."

"Dare da rana," in ji Mai unguwa yana rubutawa. "Malam, ka yarda?"

Saminu ya ce ya yarda. Mudi ya sunkuyar da kai yana wasa da makullansa.

Kwana shida aka gama gyara. Gidan Alhaji Labo bai taɓa ganin aiki mai sauri haka ba. Ranar tarewa, Alhaji ya sa masu tebura suka janye daga bakin layi don babbar mota ta sami wurin juyawa. Ya tara 'yan dako takwas, suka tuɓe riguna suna jira. 'Yan majalisa ma kowa ya zo da wuri, don a ga adadin da aka ɓoye.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata tsohuwar a-kori-kura ta shigo layin tana tari. A baya akwai katifa a naɗe, akwati, tukwane, murhun gawayi, turmi, da buhu uku na masara. A gaba, kusa da direba, Barakatu ce zaune, ta riƙe ciki da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da fitila.

Alhaji ya leƙa bayan motar, ya leƙa hanya ko akwai wata tafe.

"Malam, sauran suna baya?"

"Su ke nan, Alhaji."

"Buhu uku?"

"Uku."

"Wannan baiwar Allah fa?"

"Mai masarar ce. Matata."

Barakatu ta sauko a hankali, ta ɗan rusuna gwargwadon yadda cikin ya bari. "Ina kwana, Alhaji. Mun gode da gyara. An ce har taga aka buɗe."

'Yan dako takwas suka raba buhu uku a tsakaninsu, biyar suka ɗauki tukwane don kada a ce sun zo a banza. Alhaji Labo ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa ya ce ba mai shiga. Ya ce an cuce shi, an ci amanarsa, an sa shi ya kashe siminti da kwano a kan mutane. Ya maimaita kalmar mutane sau uku, kowane karo da ƙarin takaici. Aka aika a kira Mai unguwa.

Mai unguwa Lawal ya zo da takardar a aljihu. Aka ba shi kujera, aka kawo wa Barakatu benci, Inna Hajo ta miƙa mata ruwa a kofi ba tare da an tambaye ta ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji, "masara na ba wa ɗaki."

"Ga ta kuwa an kawo."

"Buhu uku ne."

Mai unguwa ya sa tabarau ya bi takardar da yatsa. "Ban ga adadi a nan ba. Ka tambaya?"

"Na tambaya, wannan ɗan banzan ya ce kada a buga waya daji."

"Kuma an buga?" in ji Mudi. "Ka ga shawarata ta yi amfani."

Wani daga cikin 'yan majalisa ya tuntsire da dariya, ya mai da ita tari.

"To, su kwashe buhunansu su bar mini gida," in ji Alhaji. "Yau ɗin nan."

Nan dariyar ta tsaya. Wani dattijo a majalisar, wanda ɗakuna uku cikin biyar ɗin nan kayansa ne a ciki, ya gyara zama.

"Alhaji Labo, dakata. Kana nufin mutum ya kama ɗaki shekara domin hatsinsa, a rubuta, a sa hannu, sannan rana tsaka ka fito masa da kaya waje? Yau buhu uku ne. Gobe in wani ya ƙara maka farashi, nawa za ka fitar?"

"Haba Alhaji, kai daban ne."

"Masara dai masara ce. Mutum kam ka kore shi, wannan gidanka ne, ba mai cewa don me. Amma tun da nake kasuwa ban taɓa jin an kori hatsi kafin wa'adinsa ba. In aka fara yau, ni gobe zan nemi mota."

Sauran suka gyaɗa kai. Saminu ya dube su. Waɗannan mutanen sun ga an fitar da iyalai da tabarmi a layin nan ba sau ɗaya ba, ba wanda ya ajiye casbaha. Yau an taɓa buhu, duk sun zama lauyoyi.

Alhaji ya share gumi. Ya ga wata ƙofa ya nufe ta da gudu.

"Shi ke nan, masara ta zauna. Ta zauna har shekara, ban ce komai ba. Amma su biyun nan su tafi."

"Sai wa zai yi gadi?" in ji Barakatu daga kan benci.

Mai unguwa ya sake bin takardar da yatsa, ya karanta a hankali. "Mai kaya shi ke gadin kayansa, dare da rana, shi ko wanda ya wakilta. Alhaji, wannan da bakinka ka sa na ƙara. Har ka ɗaga casbaha."

"Da rana Malam yana makaranta," in ji Barakatu, "sai in riƙe. Da dare mu haɗu, saboda ɓarayi sun fi yawa."

"Katifar fa? Tukwanen fa?"

"Mai gadi ba ya cin abinci, Alhaji?"

Alhaji Labo ya dubi dattijon, ya dubi takarda, ya dubi sabon kwanon da ke walƙiya a rana. Ya janye daga bakin ƙofa.

"Shekara ɗaya," in ji shi. "Kuma ranar da na leƙo ban ga masara a ɗakin nan ba, ranar za ku fita."

Mai unguwa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sai haƙuri, Alhaji." Saminu ya daɗe bai ji kalmar ta faɗa inda ya dace ba sai ran nan.

Kwana goma sha biyu da tarewa, da hantsi, Barakatu tana tankaɗe naƙuda ta taso. Inna Hajo ta sauke kasko ta kama hannunta, suka taka da ƙafa zuwa asibiti. Kafin a sanar da Saminu a makaranta ya iso, an yi abin da za a yi. An sha wuya, malamar ta ce da a hanya ne da labarin ya sha bamban. Mace aka samu, aka sa mata Sakinatu. Aka yi suna a tsakar gidan, Alhaji Labo ya aiko da goro ta hannun Mudi, tare da tambayar ko masara tana nan lafiya.

Tana nan. Saminu ya yi mata dakali da katako a kusurwa, ya jera buhunan nesa da bango kamar yadda yake koyarwa. Buhu ɗaya suka ci kafin azumi. Sauran biyun Barakatu ta hana a taɓa. Da bazara hatsi ya yi tsada, Saminu ya riƙa zuwa kasuwa yana auno tiya ɗaya, tiya biyu, yana tsine wa masu ɓoye abinci a zuci, ya dawo gida ya tarar da nasa buhu biyu a ɗinke suna kallonsa. Ya daina yin wa'azi a teburin mai shayi. Ba don ra'ayinsa ya sauya ba, sai don Mudi ya fara gabatar da shi ga mutane da sunan Malam Saminu mai ajiya.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da azahar. Ɗakinsu ko ɗigo. Da aka ɗauke, Saminu ya fito ya ga Inna Hajo tana fito da robobinta shida ɗaya bayan ɗaya tana zubarwa, ta shanya tabarma da bargo a kan igiya. Ta gama, ta zo ta tsaya a ƙofarsu ta yi sallama.

"Barakatu, 'yata, aro na zo."

"Na me, Inna? Gishiri?"

"Buhu ɗaya. Ba ci zan yi ba, ko zaren ba zan kwance ba. Kwana kawai zai riƙa yi a wurina."

Barakatu ta dubi mijinta. Saminu ya tuɓe rigar makaranta, ya sunkuya ya ɗora buhun a baya, ya kai shi ɗakin da ke ƙarshen layi. Ya tambaya ina za a ajiye. Inna Hajo ta nuna tsakiyar ɗakin, daidai ƙarƙashin huda mafi girma, inda babbar roba ke zama.

Ta yafa gyale ta fita ƙofar gida. Majalisa ta cika, har da dattijon nan mai ɗakuna uku. Ta durƙusa daga gefe ta gaishe su, sannan ta ɗaga murya yadda na ƙarshen darduma zai ji.

"Alhaji, ba don kaina na zo ba, ni na saba. Masara ce ke jiƙewa a gidanka."

Dattijon ya ajiye kofin shayinsa. "A wane ɗaki?"

Kafin la'asar kafinta yana bisa kwano, santsi da komai. Saminu yana tsakar gida riƙe da Sakinatu, yana jin ƙarar guduma. Inna Hajo ta zo ta wuce shi rungume da robobinta shida, ta jere su gaban Barakatu.

"Zaɓi biyu," in ji ta. "Sauran zan kai wa matar ɗaki na bakwai. Ita ma ta ce in tambaye ki, ko buhun zai iya zuwa mata ran Juma'a."